Mastas a gida ko a waje: yadda muka yi lissafin da ƙanina

Ƙanina ya gama bautar ƙasa watannin baya, tun bai gama ninke kakin ba ya fara damuna da waya, Yaya ni fa mastas zan yi kuma waje nake son fita. Na ce to madalla, wa zai biya? Shiru. Na ce to bar wannan, in ka samo takardar me za ka yi da ita, koyarwa kake so a jami'a, ko ƙarin girma kake nema a wurin aiki, ko kuwa dai zaman gida ne ya ishe ka kana neman inda za ka ɓuya na shekara biyu? Nan ma shiru, sai dariya. To tambayoyin nan biyu su muka kwana muna juyawa ni da shi, kuma tunda na san ba shi kaɗai ne a wannan ruɗanin ba, bari in zayyano yadda muka yi lissafin, ni da na yi nawa mastas ɗin a gida na sha abin da na sha, ga kuma abokai da suka fita ina jin labarinsu.

Na fara masa da na gida, don mutane da yawa ba su ma san mastas ɗin gida kala biyu ba ne sai sun shiga sun yi nisa. Akwai na ilimi, wato irin su MSc, MA da M.Ed, wanda za ka yi darussa kamar semista biyu sannan ka shiga bincike, a ba ka sufabaiza, wato malamin da zai riƙa duba aikin bincikenka, ka kare furofozal, ka yi seminar, ka yi difens, wato kare aikinka a gaban malamai, na cikin gida, a kawo malami daga wata jami'a ya zo ya tatse ka. Akwai kuma na ma'aikata, irin su MBA, MPA da danginsu, yawanci Juma'a da yamma da Asabar ake yi, ajin cike da ma'aikatan banki da 'yan kwastan da daraktoci masu manyan riguna, kuɗinsa ya fi yawa amma ya fi saurin ƙarewa, furojet ɗin ƙarshe ma bai kai nauyin na wancan ba. Inda gizo ke saƙa shi ne, a mafi yawan jami'o'inmu wannan na ma'aikatan ba ya kai ka PhD kai tsaye. Na san wanda ya gama nasa da murna har da walima, ya je sayen fom ɗin PhD aka ce masa Malam sai dai ka dawo ka yi MSc ko ka bi ta MPhil, wato digirin binciken da ke share fagen PhD, wallahi ranar kamar ya yi kuka. Don haka in koyarwa ce a ranka, kana mafarkin wata rana a ce maka Dakta, kar ma ka kalli na ma'aikata komai sauƙinsa. In kuwa kana da aikinka kana son takardar da za ta ƙara maka nauyi ranar intabiyu ko ƙarin girma, to ba ka da dalilin zuwa ka jibga wa kanka wahalar bincike, je ka makarantar kasuwanci ta Ɗangote a BUK ko ta ABU ka yi MBA ɗinka ka fita, ABU ma tana da na karatu daga nesa ta intanet, ga kuma buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, wato NOUN, ga wanda aiki ba ya barinsa zama a aji.

Sai maganar sakamako. Yawancin sassa 2:2 suke fara ɗauka, wato matsakaicin makin digiri (CGPA) daga 2.40 zuwa 3.49 a ma'aunin 5, amma fa wannan a rubuce ne, in sashen ya yi cunkoso irin su Ikonomiks ko aikin jarida ko kimiyyar kwamfuta, masu 2:1 da masu daraja ta ɗaya sun isa su cike gurbin kafin a zo kanka, wasu sassan ma jarrabawar tantancewa suke yi. Mai daraja ta uku ko mai HND kuwa hanyarsa PGD ce, wato difloma ta gaba da digiri, shekara ɗaya, ka fito da sakamako mai kyau sannan ka nemi mastas. Kar ka raina PGD, ita ce kuma gadar wanda yake son sauya layi, misali ka karanta Kemistiri amma yanzu harkar gudanarwa ko koyarwa ta ja ka. Kuma kar a manta da kiredit biyar na sakandare har da Turanci da Lissafi, abin dariya ne amma gaskiya ne, mutum da digirinsa a hannu a tsayar da shi wajen tantance takardu saboda D7 ɗin Lissafin da ya samu shekara goma da suka wuce. Takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa ita ma dole ce.

Neman shiga a gida ba wani wahala gare shi ba in ka cire abu ɗaya. Za ka shiga shafin makarantar karatun gaba da digiri ta jami'ar, ka ciro lambar Remita, ka biya a banki ko ta waya, ka cike fom, ka sa sunayen malamai ko shugabannin aiki da za su tsaya maka, galibi uku. Abu ɗayan nan shi ne tiranskirif, wato takardar makin duk kwasa-kwasan da ka yi a digirin farko. Kai! Ni nawa sai da na yi sawu huɗu zuwa tsohuwar makarantata, tafiyar awa biyar a mota. Zuwan farko aka ce mai makullin ɗakin fayil ya tafi ta'aziyya. Na biyu aka ciro fayil ɗin, ƙura har ta canza masa kala, aka buɗe aka ga babu sakamakon wani kwas na aji biyu, sai na koma sashenmu muka zauna da wani dattijon ma'aikaci, Allah Ya saka masa da alheri, yana lasar yatsa yana buɗe wani ƙaton littafin maki shafi-shafi har ya gano sunana an rubuta lambata da kuskuren lamba ɗaya. Na uku wanda zai sa hannu ya yi tafiya. Sai a na huɗu aka like ambulan. Kuma abin da ya kamata ka sani, wannan wahalar ba ta gida kaɗai ba ce, ko Landan za ka tafi sai ka bi ta wannan ɗakin mai ƙura, saboda haka duk wanda ka zaɓa, tiranskirif shi ne abin farko, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɗin makaranta a jami'o'in tarayya irin su ABU, BUK, Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Maiduguri ya ƙaru sosai a 'yan shekarun nan, amma har yanzu lissafin dubban ɗaruruwan naira ake yi a shekara, mai ƙaramin albashi ko ɗan kasuwa zai iya lallaɓawa, kana kwana a ɗakinka, kana cin tuwon gidanku, kana zuwa aikinka. Abin da gida yake ci maka lokaci ne. A takarda shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ne, a zahiri kuwa wanda ya fita a shekara uku sai a ce masa barka. Ka tuna yajin aikin ASUU na 2020 ya kai wajen wata 9, na 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata 8 cif, duk wanda yake tsakiyar bincike a lokacin haka ya zauna yana kallon silin. Kuma duk shekarar da ka ƙara sai ka sake rajista ka sake biya, to ka ga arhar ta fara raguwa.

Amma babban abin da ke riƙe mutum a mastas ɗin gida sufabaiza ne, kuma ba koyaushe ne laifinsa ba. Malami ɗaya yana da ɗaliban digirin farko da yake duba furojet ɗinsu, ga na mastas, ga na PhD, ga koyarwa, ga taron sashe, ga wata jami'ar da yake zuwa a matsayin malami mai ziyara don albashin ba ya kai shi ƙarshen wata. Ni babi na biyu na aikina ya yi wata uku a bayan motar nawa sufabaizan, ina hango shi ta gilashi duk ranar da na je, rana har ta kodar da bangon. Da ya tashi dubawa kuwa cikin dare ɗaya ya yi masa jina-jina da jan biro, kuma gaskiya gyaran nan ya koya min rubutu fiye da duk darussan da na zauna. To haka abin yake, in ka dace da mai lokaci ka ji daɗi, in ba ka dace ba sai haƙuri da yawan gaisuwa. Shawarar da nake ba kowa, kafin ka sayi fom je ka sashen da ƙafarka, ka samu ɗaliban da ke ciki ka tambaye su 'yan shekarar wane ne suka yi difens na ƙarshe. Amsar da za su ba ka ta fi duk abin da aka rubuta a shafin jami'ar. In kuma fanninka kimiyya ne ka leƙa ɗakin gwaje-gwajen ka gani da idonka, don wani wurin kai za ka sayi sinadaranka, kai za ka sa man janareta, wani gwajin ma sai ka ɗauki samfurinka zuwa wani gari. Akwai wuraren da suka fita daban, kamar cibiyar nazarin noma a busassun yankuna ta BUK da ta samu tallafin Bankin Duniya, irin waɗannan in fanninka ya dace da su ka fara duba su.

To yanzu waje. Shi ma ba abu ɗaya ba ne, akwai wanda ya tafi da kuɗin aljihunsa akwai wanda aka ɗauki nauyinsa, kuma tsakaninsu kamar sama da ƙasa ne duk da aji ɗaya suke zama.

Mu ɗauki Ingila tunda ita ce a bakin kowa. Daɗinta shekara ɗaya ce tak, ka shiga Satumba ka miƙa aikinka Satumba ta gaba, babu yajin da zai cinye maka wata takwas, sufabaiza yana da ranar da dole ya ba ka amsa, laburare a buɗe har dare. Jami'o'i da dama ma suna karɓar Turancin WAEC in ka samu C6 ko sama, ba sai ka yi jarrabawar Turanci ta IELTS ba. Amma kuɗin makaranta ga baƙo yawanci daga wajen fam 15,000 yake farawa ya yi sama, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 fam ɗaya har haura naira 2,000 ya yi, to ka buga da kanka, naira miliyan 30 kenan kuɗin makaranta zalla. Ba a zo kan kuɗin zama ba, wanda sai ka nuna sama da fam 1,000 na kowane wata har wata 9, kuma kuɗin su kwana 28 a jere a asusu ba su ragu ba, ga harajin lafiya fam 776 a shekara, ga kuɗin biza, ga gwajin tarin fuka, ga tikiti. Ƙanina ya ce ai Yaya ana aiki a can, mutum ya biya rabi ya je ya nemi sauran. Na ce masa awa 20 a sati doka ta yarda ɗalibi ya yi lokacin karatu, wannan zai biya maka haya da abinci ne da ƙyar, ba zai biya ragowar kuɗin makaranta ba. A 2024 an ga ɗaliban Najeriya da suka tafi da lissafin tsohon canji, naira ta faɗi, abin da suka tara ya zama rabi, makaranta ta rufe musu shafi har aka ba wasu takardar barin ƙasa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Sannan ga masu iyali, tun Janairun 2024 ɗalibin mastas na darussa ba ya tafiya da mata ko miji ko 'ya'ya, sai mai karatun bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. 'Yar'uwa mai goyo, wannan kaɗai ya isa ya canza miki lissafi.

Jamus kuwa akasin haka ce, yawancin jami'o'in gwamnati ba a biyan kuɗin karatu sai ɗan kuɗin semista, in ka cire jihar Baden-Württemberg da ke karɓar yuro 1,500 a semista daga baƙi. Amma kafin biza sai ka zuba sama da yuro 11,000 a asusun da ake kullewa, ana sakar maka kaɗan-kaɗan duk wata, karatun shekara biyu ne, kuma suna da tsanani wajen duba ko kwasa-kwasan da ka yi a digirin farko sun yi daidai da abin da kake nema, ba ruwansu da daɗin bakinka. Maleshiya ita ce ta tsakiya, shi ya sa malaman jami'o'inmu na arewa da yawa can suka yi, jami'o'in UPM da UTM da jami'ar Musulunci ta ƙasa da ƙasa da ke Gombak, rayuwa da sauƙi a kan Turai, abinci halal ko'ina, masallaci a cikin makaranta, sai dai aikin da zai riƙe ka a can babu shi sosai, da guzurinka za ka tafi. Amurka kuma shekara biyu ce, wasu wuraren da jarrabawar GRE da ta Turanci wato TOEFL, kuma wanda ya tafi cikin kwanciyar hankali shi ne wanda sashen ya ɗauka yana taimaka wa malami koyarwa ko bincike ana yafe masa kuɗin makaranta ana ba shi alawus.

Ni a nawa ganin, kuma na faɗa wa ƙanina gar da gar, fita da kuɗin aljihu na wanda kuɗin suke ajiye ne gaba ɗaya, wanda ko sun ƙone gidansu ba zai girgiza ba. Ba na goyon bayan a sayar da gonar gado ko a kwashe giratutin tsoho a kan mastas na shekara ɗaya, don in ka dawo jami'a a matsayin mataimakin lakcara za ta ɗauke ka, daidai da wanda ya yi nasa a ABU Samaru, albashinku ɗaya, shekara nawa za ka yi kafin ka mayar da miliyan 40? In ba ka da gashin wance kar ka yi kitson wance.

Sikolashif kuwa wani zance ne daban, in ka samu ka tafi kawai, kar ka tsaya shawara da ni. Sai dai ka san kowanne da halinsa. Chevening ta Birtaniya tana biyan komai, ana buɗewa a watan Agusta, amma tana son gogewar aiki ta shekara biyu, awa 2,800 suke ƙirgawa, za ka rubuta bayanai kan jagoranci da hulɗa da mutane da abin da za ka yi in ka dawo, kuma dole ka dawo gida na aƙalla shekara biyu. Wanda ya fito daga bautar ƙasa jiya bai kai ba tukuna. Ta gwamnatin Turkiyya ana buɗe ta daga Janairu zuwa Fabrairu, mai neman mastas kar ya kai shekara 30, suna ba da masauki da tikiti da inshorar lafiya da alawus, amma za ka fara da shekara ɗaya ta koyon Turkanci, wato ka sa shekara uku a ranka. Hangari ma tana da tata da ake rufewa a tsakiyar Janairu. Ga DAAD ta Jamus, ga Erasmus Mundus da za ka yi karatun a ƙasashen Turai biyu ko fiye, ga ta Commonwealth. Masu injiniya da kimiyya su duba Saudiyya, KFUPM a Dahran da KAUST kusa da Jidda, ga karatu ga Umara a kusa. A gida kuma akwai asusun bunƙasa fasahar man fetur, wato PTDF, ga fannonin da suka shafi mai da makamashi, sai jihohi jefi-jefi, kamar yadda Kano ta sanar da tura ɗalibai 1,001 a 2023, yawanci zuwa Indiya da Yuganda, amma masu daraja ta ɗaya aka nema. Kusan dukkansu 2:1 ce ƙofar shiga, mai 2:2 sai ya haɗa da gogewar aiki mai ƙarfi ko ya fara yin mastas a gida ya wanke sakamakon, ya nemi PhD a waje daga baya. Wannan hanyar ta ƙarshe mutane ba su cika kallonta ba alhali ita ce ta fi yi wa talaka aiki, don tallafin PhD ya fi na mastas samuwa a wurare da dama, kuma in ka fito MSc da 3.5 ko sama ƙofar PhD a gida ma a buɗe take.

Bambancin neman shiga kuma babba ne. A gida fom ne da takardu, a waje sai ka zauna ka rubuta dalilinka, me ya sa wannan kwas, me ya sa wannan jami'a, me ka taɓa yi. Masu karantawa sun ga dubunnai, da sun ga wanda aka kwafo daga intanet ko wanda ejan, wato dillalin neman makaranta, ya rubuta wa mutum goma iri ɗaya sun gane. Ka rubuta abin da ka yi da hannunka ko da ƙarami ne, ajin da ka koyar a ƙauyen da ka yi bautar ƙasa, yara nawa ne, me ya canza. Wasiƙar malamai ma a can da gaske ake yi, ana tura wa malamin saƙo ta imel ya cike da kansa, to malamin da rabonka da gaishe shi tun ranar da ka kare furojet, yau ka kira shi ka ce gobe ake rufewa? Fara zumuncin tun yanzu. Sakamakon IELTS kuma shekara biyu yake yi ya mutu, kar ka yi gaggawar zana shi alhali ba ka shirya nema ba. Ejan kuwa, yawancin abin da zai yi maka za ka iya da wayarka, kuma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka sikolashif tabbas, ka riƙe aljihunka. Haka nan ka binciki jami'ar kafin ka biya ko sisi, don in ka dawo sai ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tantance takardar, ka tuna a Janairun 2024 aka dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya sayo digiri a Kwatano cikin 'yan makonni.

Ma'aikacin gwamnati kuma ko gida ko waje, ka nemi izinin karatu a rubuce kafin ka fara, kar ka gama ka kawo takarda a ce ba a san da zamanta ba.

Shi dai ƙanina 2:1 gare shi, shekararsa 25, kuma da na matsa masa ya ce koyarwa yake so. Sai muka tsaya a kan haka: zai sayi fom ɗin MSc a gida bana, ba na ma'aikata ba, ya ci gaba da koyarwar da ya samu a wata makarantar kuɗi don awannin aikinsa su taru, Janairu na zuwa ya cike ta Turkiyya da ta Hangari tunda ba a biyan ko kwabo wajen nema, in ɗaya ta faɗo ya ajiye na gida ya tafi, in ba ta faɗo ba bai yi asarar shekara ba. Maganar gonar Baba kuwa na ce kar in sake jin ta. Fasfo ma bai da shi ashe, duk wannan zumuɗin. Na tura masa kuɗin mota, ranar Litinin zai kama hanyar tsohuwar makarantarsu neman tiranskirif, na ce ya biya na kwafi biyu kuma ya tafi da kayan kwana uku.